Anders Chydenius: Limamin da ya buɗe wa talaka takardun gwamnati

An haifi Anders Chydenius a 1729 a Finlan, lokacin tana ƙarƙashin mulkin Suwidin. Limamin coci ne da ya yi karatu a Jami'ar Uppsala. Da ya shiga majalisa a 1765, ya dage kan cewa talaka na da haƙƙin ganin takardun hukuma. Ranar 2 ga Disamba, 1766, Suwidin ta kafa dokar da ta tabbatar da wannan haƙƙi, irinta ta farko a duniya. Sai dai kafin nan 'yan jam'iyyarsa sun kore shi daga majalisa saboda ya soki manufarsu ta kuɗi. Ya rasu a 1803. Najeriya ba ta samu irin wannan doka ba sai 2011, kuma da ita ɗan jarida a Kano ke neman bayanan kwangila yau.