Tarihin Marigayi Farfesa Fabian Udekwu, Jagoran Tiyatar Zuciya a Nijeriya

Marigayi Farfesa Fabian Udekwu yana daga cikin likitocin da suka kafa tarihi a ƙasar nan, domin shi ne ya jagoranci likitocin gida a aikin buɗe zuciyar ɗan Adam da aka fara yi a Nijeriya, a garin Inugu cikin shekarar 1974.

Haihuwarsa da karatunsa

An haife shi a shekarar 1928 a garin Enugwu-Agidi, wanda a yau yake cikin Jihar Anambra. Ɗan karkara ne, kuma da aikin malanta ya soma rayuwa, bayan ya yi karatu a kwalejin horon malamai ta St. Charles da ke Onitsha. Daga baya ya tafi Amurka, inda ya karanta ilimin likitanci a Jami'ar Loyola da ke birnin Cikago, ya kammala a 1957. A wannan birni ya ƙware a fannin tiyata, a babban asibitin Cook County, har ya zama gwani a fiɗar ƙirji, wato zuciya da huhu da manyan jijiyoyin jini.

Dawowarsa gida

Likita mai irin wannan ƙwarewa yana iya zamansa a Amurka cikin rufin asiri, amma ya zaɓi ya dawo gida. A 1965 ya kama aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, sai ya koma yankin gabas, ya yi ta yi wa waɗanda suka jikkata aiki har yaƙin ya ƙare a 1970. Bayan an sami zaman lafiya ya zama farfesa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Inugu.

Aikin shekarar 1974

Wahalar fiɗar zuciya ita ce zuciya ba ta hutawa, kuma idan jini ya daina isa ƙwaƙwalwa na 'yan mintoci kaɗan, mutum ya halaka. Saboda haka sai an haɗa majiyyaci da wani inji da ke janye jini daga jikinsa, ya sa masa iska, ya mayar da shi, sannan a tsayar da zuciyar a gyara ta. An fara amfani da wannan inji cikin nasara a Amurka a 1953. Aikin yana bukatar wutar lantarki wadda ba ta ɗaukewa, da jini a ajiye, da ma'aikatan jinya masu horo na musamman.

Farfesa Udekwu ya yi shekaru yana fafutukar haɗa waɗannan abubuwa a asibitin da bai daɗe da fita daga yaƙi ba. A farkon 1974 shi da abokan aikinsa, cikinsu har da Dokta Anyanwu da Dokta Nwafor, tare da Magdi Yacoub, likita ɗan asalin Masar da ya zo daga Ingila, suka yi aikin farko. A 1984 Gwamnatin Tarayya ta ayyana asibitin a matsayin cibiyar ƙasa ta tiyatar zuciya da ƙirji. Duk da haka aikin ya riƙa tsayawa lokaci zuwa lokaci saboda ƙarancin kuɗi da lalacewar kayan aiki, ko da yake masu ilimin suna nan. Farfesa Udekwu ya rasu a watan Nuwamba na 2006, ya bar ɗalibai da dama da suka ɗauki ragamar aikin.

Abin lura ga al'ummarmu

Da yawa daga cikin matasan da ake yi wa irin wannan tiyata a Afirka, cutarsu ta samo asali ne daga ciwon maƙogwaro da zazzaɓi da aka yi sakaci da su tun suna yara. Ciwon kan koma kumburin gaɓoɓi, daga nan ya lalata marufan da ke hana jini komawa baya a cikin zuciya. Maganin penisilin, idan ma'aikacin lafiya ya ba da shi da wuri, yana tare wannan hanya, kuma kuɗinsa bai kai komai ba idan aka kwatanta da na tiyata.

Don haka ana kira ga iyaye a Wurno da Rabah da Goronyo da su kai yaro asibiti mafi kusa da zarar ya kamu da ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi, su kuma guji yanke beli a gida. Yaron da ke haki ko ƙafafunsa suke kumbura, a nemi takardar tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai kuwa, haƙƙi ne a kansu su tabbatar da akwai magani da ma'aikata a ɗakunan shan magani na ƙauyuka, su kuma tallafa wa 'ya'yan talakawa masu sha'awar karatun likita. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.