Louis Pasteur: Ɗan majemin da ya gano asirin yis da sinadarin etanol

Sifirit ɗin goge fata kafin allura da man tsabtace hannu, da dama daga cikinsu etanol ne a ciki, sinadarin da ke sa barasa ta bugar. Mutumin da ya bayyana yadda wannan sinadari ke samuwa shi ne Louis Pasteur, masanin kimiyya ɗan Faransa.

An haife shi ranar 27 ga Disamba, 1822, a garin Dole. Mahaifinsa majemi ne kuma tsohon sojan Napoleon. A 1854 aka naɗa shi shugaban tsangayar kimiyya a birnin Lille, inda masana'antu ke tatsar etanol daga ruwan wani tushe mai sukari. Bayan shekara biyu, wani mai masana'anta ya kawo masa kuka cewa tsiminsa na yin tsami, yana ta tafka asara.

A zamanin, manyan masana irin su Justus von Liebig na Jamus na ganin tsimuwa ruɓewa ce kawai. Pasteur ya ɗebo ruwan, ya duba a madubin ganin ƙananan halittu. A tukwane masu kyau ya tarar da ƙwayoyin yis suna hayayyafa, suna cin sukari, suna fitar da etanol da iskar kabon dayoksaid. A waɗanda suka lalace kuwa, wasu halittu ne sirara suka mamaye, irin masu sa nono tsami. Ashe tsimuwa aikin rayayyun halittu ce.

Daga nan ya nuna cewa ɗumamawa daidai gwargwado na kashe su, dabarar da ake adana madara da ita har gobe. Likitan fiɗa Joseph Lister ya ɗora a kan bincikensa, ya fara tsabtace raunuka da kayan aiki, mace-macen bayan tiyata suka ragu.

Rayuwarsa ba ta rasa jarrabawa ba. Uku daga cikin 'ya'yansa biyar sun mutu da ƙuruciya, shi ma ɓarin jikinsa ya shanye a 1868. Duk da haka, a 1885 ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara da mahaukacin kare ya ciza rigakafi, yaron ya rayu.

Pasteur ya mutu ranar 28 ga Satumba, 1895, a kusa da Paris, yana da shekara 72.