Taƙaitaccen Tarihin Shehu Muhammadu Alkatsinawi, Masanin Lissafi

Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami a Birnin Kudu ko Gwaram ya ga hatimi a jikin allo, gidaje tara ko fiye, kowane gida da lambarsa. Yawancin mutane laƙani kawai suke gani. Amma wani malamin ƙasar Hausa ya yi fice har Masar saboda sanin lissafin da ke cikin waɗannan gidaje, shi ne Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi.

Shehu Bafillace ne, mutumin Katsina, ya yi zamani a farkon ƙarni na 18. Daga cikin malamansa akwai Shehu Muhammadu Alwali na Bagarmi. Ya ƙware a nahawu da ilmin taurari da hisabi, sannan ya kama hanyar Makka don sauke farali. Ya kuma kammala littafinsa Bahjatul Afaƙ, a kan ilmin haruffa da hatimai.

Sharaɗin hatimi shi ne, in aka tara lambobin kowane layi, a tsaye ko a kwance ko daga kusurwa zuwa kusurwa, jimla ta zo daidai. A hatimi mai gida 9 jimlar 15 ce, a mai gida 25 kuwa 65. Abin ba sauƙi gare shi ba. Lambobi daga 1 zuwa 9 ana iya jera su a gida tara ta hanya 362,880, amma 8 kaɗai ke cika sharaɗin, su ma hatimi ɗaya ne ake jujjuyawa. Mai lalube sai ya gaji bai dace ba.

Abin da Shehu ya yi shi ne bayyana ƙa'idojin gina hatimin da yawan layukansa mara ne, kamar 3 ko 5 ko 7. A irin wannan ƙa'ida akan san gidan da za a fara, da irin takun da za a riƙa yi zuwa gida na gaba, da inda za a koma in taku ya faɗa wajen hatimi ko ya tarar da gida a cike. Wanda ya bi ta daki-daki zai kai ga amsa, kome girman hatimin.

Irin wannan tsari na mataki bayan mataki shi masana ke kira algorizim, daga sunan Alkawarizmi na Bagadaza. Da shi injiniyoyi ke sa kwamfuta ta zaɓo musu hanya mafi arha ta rarraba kaya ko jera ayyukan masana'anta, domin su ma matsalarsu ɗaya da ta mai hatimi: hanyoyi sun yi yawa, lalube ba ya fid da su.

Shehu ya ƙare rayuwarsa a Alƙahira, a gidan Shehu Hasan Aljabarti, ya kuwa bar masa littattafansa. Nan Allah ya yi masa rasuwa a shekarar 1741. Ɗan mai gidan, Abdurrahman Aljabarti, ya rubuta labarinsa a cikin tarihin Masar da ya wallafa, Claudia Zaslavsky ta Amurka kuma ta yi nazarin hatimansa a shekarar 1973.

Abin takaici, ɗalibanmu sukan haddace sunayen masana lissafi na Turai, su gama makaranta ba su ji sunan nasu ba. Kamata ya yi a fassara ayyukansa zuwa Hausa a sa su cikin darussa. Allah ya jiƙan Shehu, amin.