Isidoro na Sebil: Bishop Wanda Ya Tara Ilimin Magabata

An haifi Isidoro wajen shekara ta 560 a ƙasar Sifen, cikin wani gida da ya fito daga birnin Kartajena. Iyayensa sun rasu tun yana yaro, sai wansa Liyanda, wanda daga baya ya zama Bishop na birnin Sebil, ya ɗauki nauyin renonsa da karatunsa.

Zamanin da ya tashi a cikinsa mawuyaci ne ga ilimi. Daular Roma ta yamma ta riga ta faɗi tun shekara ta 476. Makarantun dā sun watse, littattafai suna ta salwanta, masu iya karanta Helenanci kuwa sun yi ƙaranci. Sarakunan Bisigot da suke mulkin Sifen suna bin koyarwar Ariyus, wadda ta ƙi yarda cewa Ɗan daidai yake da Uban. Sai a shekara ta 587 ne Sarki Rekared ya rabu da wannan koyarwa, Liyanda kuma yana cikin waɗanda suka yi aiki tuƙuru domin haka ta tabbata.

Da Liyanda ya rasu wajen shekara ta 600, Isidoro ya gaje shi, ya yi kiwon Ikkilisiyar Sebil fiye da shekara 30. Abin da ya fi damunsa shi ne jahilcin ma'aikatan Ikkilisiya, gama makiyayin da bai san hanya ba, ina zai kai garke? Saboda haka a Majalisar Toledo ta huɗu, wadda ya shugabanta a shekara ta 633, aka ɗora wa bishop-bishop nauyin tarbiyya da koyar da matasan da ake shiryawa domin aikin Ubangiji.

Amma makaranta ba ta tsayuwa sai da littafi. Wannan ya sa ya duƙufa wajen rubuta babban kundinsa da harshen Latin, mai suna Etymologiae, wato asalin kalmomi. A ganinsa, wanda ya san tushen kalma ya kama hanyar gane abin da take nufi. Kundin ya ƙunshi nahawu, lissafi, kiɗa, ilimin taurari, magani, shari'a, dabbobi, noma, har da kayan ɗaki. Abokinsa Burauliyo, Bishop na Saragosa, shi ne ya matsa masa ya kammala aikin, shi ne kuma ya karkasa shi. An san shi a matsayin littattafai 20.

Isidoro bai ji tsoron falsafa ba. A littafi na 2 ya bayyana ta da cewa sanin al'amuran mutum ce da na Allah, haɗe da himmar yin zaman kirki. Ya raba ta kashi uku: binciken halitta, ilimin ɗabi'a, da ilimin kafa hujja. Ya kuma nuna cewa ana samun irin wannan rabo a Littafi Mai Tsarki, inda Farawa da Mai Hadishi suke magana a kan halitta, Karin Magana kuwa a kan ɗabi'a. A littafi na 8 ya jera ƙungiyoyin masanan Helenawa: almajiran Aflatun, na Aristotal, da Sitokiyawa da Abikuriyawa, irin waɗanda Manzo Bulus ya yi muhawara da su a Atina. Ya faɗi abin da kowannensu ya koyar, domin mai bi ya san inda suka dace da inda suka kauce.

Aikinsa bai rasa aibu ba. Da yawa daga cikin asalin kalmomin da ya bayar zato ne kawai, galibin bayanansa kuma daga marubutan da suka riga shi ya kwaso. Duk da haka, akwai guntayen rubuce-rubucen dā da ba a san su ba sai ta bakinsa. An yi ta kwafar kundin da hannu a duk faɗin Turai, har kwafi kusan 1,000 suka tsira zuwa yau, aka kuma buga shi da injin ɗab'i a Jamus a shekara ta 1472.

Da ya ga kwanansa ya kusa, ya rarraba abin hannunsa ga matalauta, ya nemi gafarar jama'a a cikin majami'a. Ya rasu ranar 4 ga Afrilu, 636. Bai ƙago sabuwar falsafa ba, amma ya adana iri a lokacin fari, waɗanda suka zo bayansa suka sami abin shukawa.