Marigayi Sarkin Katsina Usman Nagogo: Ƙuruciyarsa A Filin Folo

Idan aka ambaci sunan Alhaji Sir Usman Nagogo, Allah ya jiƙansa, abin da ya kan fara zuwa zuciyar mutane shi ne shekaru 37 da ya yi yana sarautar Katsina, daga 1944 zuwa 1981. Amma tun kafin a naɗa masa rawanin sarauta ya riga ya yi suna a wani fage dabam, watau fagen ƙwallon dawaki, wanda a ke kira folo. Wannan suna kuwa ba gadonsa ya yi ba, da hannunsa na dama da ƙarfin cinyarsa ya samo shi.

An haifi Usman Nagogo a cikin 1905. A lokacin nan mahaifinsa, Muhammadu Dikko, yana riƙe da sarautar Durɓi, bai zama Sarki ba tukuna. Shekara guda bayan haihuwarsa, a cikin 1906, Turawa suka tuɓe Sarki Yero suka naɗa Dikko, sarautar Katsina ta fita daga gidan Dallazawa ta koma gidan Sulluɓawa. Ashe ke nan yaron ya tashi ne a gidan da sarautarsa sabuwa ce, wanda ke bukatar ya kafu sosai a idon talakawa da kuma idon Turawan da suka kawo shi. Wanda bai riƙe wannan a ransa ba, ba zai gane dalilin da ya sa Dikko ya himmatu ga tarbiyyar 'ya'yansa irin yadda ya yi ba.

Nagogo ya fara da karatun allo da na littattafai kamar kowane ɗan gidan sarauta. Sai a 1921 ya shiga makarantar boko ta Lardin Katsina, yana ɗan shekara 16. Bai daɗe da shiga ba karatun ya tsaya, domin a shekarar ne mahaifinsa ya yi tafiyarsa ta farko zuwa ƙasashen waje, wadda ta kai shi Ingila da kuma aikin hajji, ya tafi da Nagogo cikin 'yan rakiya. A Ingila suka gana da Sarki George na Biyar. Bayan sun komo ya koma makaranta, ya gama a 1923.

Dikko mutum ne mai son dawaki ƙwarai da gaske, kuma mai ido ne a kan abin da zai amfane shi. Da ya ga yadda Turawa ke wasan folo, sai ya ƙudura cewa Katsinawa ma za su iya. Ya sa aka share fili, ya ba da dawaki daga bargarsa, ya sa 'ya'yansa da na hakimai da barorin gida su koya. Kafin wannan lokaci folo a Nijeriya wasan Turawa ne zalla, hafsoshin soja da ma'aikatan mulki. Sun fara shi a Ikko tun 1904, daga baya suka kawo shi barikokin Arewa. Su ma ba su ne suka ƙago shi ba. Asalinsa daga ƙasar Farisa ne, sojojin Ingila suka tarar da shi a Indiya a ƙarni na 19, suka ɗauke shi suka yi masa dokoki.

Ya kamata a ɗan bayyana yadda wasan ya ke, domin wanda iyakar saninsa da doki hawan Salla, ko a Katsina ko a Kazaure ko a Ɓaɓura, zai iya zaton cewa duk mahayi ɗan folo ne. Ba haka ba ne. Filin yana da tsawon yadi 300, a kowane ƙarshe akwai ginshiƙai biyu da tazarar yadi 8 a tsakaninsu. Kowane ɓangare mutum huɗu ne. Ana yin wasan zango zango, kowane zango minti 7, 'yan wasa suna kiransa cuka, kuma ba a son doki ɗaya ya yi zango biyu a jere saboda tsananin gudu. Sanda doguwa ce ta gora mai kan itace, da hannun dama kaɗai a ke riƙe ta, ko da mutum bahago ne. Hagu na linzami ne. Mutanen ƙasashen sanyi irin su Kanada suna da wani wasa mai kama da wannan da su ke yi a kan ƙanƙara, sai dai su ƙafarsu ce dokinsu.

Cikin mutum huɗun nan kowa da aikinsa. Na ɗaya da na biyu su ne masu kai hari. Na uku shi ne jagora, shi ke rarraba ƙwallo, galibi shi ne gwanin ƙungiya. Na huɗu shi ne mai tsaron baya, aikinsa ba ya jawo tafi, amma in ya yi sakaci sau ɗaya an ci. Dole ya iya bugun ƙwallo ta baya yana cikin gudu, ya mayar da ita inda ta fito, dole kuma ya iya haɗa kafaɗar dokinsa da ta abokin karawa ya ture shi daga kan hanyar ƙwallo. Akwai doka mai tsanani game da wannan hanya: wanda ya bi layin da ƙwallo ta bi shi ke da hanya, ba a gitta masa. Dokar ba ta ado ba ce, dawaki biyu in suka yi karo a guje ana iya rasa rai.

A nan ne Katsinawa suka shigo da abin da su ke da shi tun kaka da kakanni. Yaron da ya tashi yana kilisa da sukuwa, ya saba da zaburar doki a guje wajen jafi sa'an nan ya yi zamiya a gaban Sarki, ya riga ya san rabin abin da folo ke nema, watau tsayawa farat ɗaya da juyawa. Sauran rabin ne mai wuya. Sai ya bar sirdin gargajiya mai ƙwacciya wanda ke riƙe mahayi gaba da baya, ya hau ɗan sirdin Turawa wanda ba abin da ke riƙe mutum sai gwiwarsa. Sai ya koyi miƙewa a kan likkafa ya karkata jiki waje guda ya bugi ƙwallon da ba ta kai lemo babba ba. Sai kuma, abin da ya fi duka wuya ga ɗan sarki, ya koyi sakar wa wani ƙwallo in shi ne ya fi kusa da ci.

Nagogo ya koyi waɗannan duka, ya kuma wuce sa'o'insa. A folo akwai ma'aunin gwaninta da a ke ba kowane ɗan wasa, yana farawa daga ƙasa da sifiri ya hau har 10. Masu 10 a duniya ba su da yawa, yawancinsu mutanen Ajantina ne. Yawancin masu wasa har su tsufa ba su wuce 2 ba. Nagogo ya kai 7, matsayin da babu wani ɗan Nijeriya na zamaninsa da ya taka. Ba kuma Sarki ke ba da wannan lamba ba, ba Razdan ba. Hukumar wasan ce ke bayarwa bisa abin da aka gani a fili, kuma tana iya ragewa in hannu ya yi sanyi.

Wannan ne ya sa a ganina wasan ya fi ƙarfin a kira shi shagalin 'ya'yan sarakuna kawai. A zamanin da Bature ke zaune a kujera hakimi na gurfane a ƙasa, filin folo na cikin wurare 'yan kaɗan da baƙar fata zai ture Bature da kafaɗa, ya ƙwace masa ƙwallo, a tashi a yi musafaha. Ƙungiyar Katsina ta riƙa zuwa Kaduna tana karawa da ƙungiyoyin hafsoshi a gasar da babban kofinta shi ne Kofin Jojiya, sunan Katsina ya zama abin shakka a wurin. Amma kada a ɓoye ɗaya gefen. Wasa ne mai cin dukiya, ɗan wasa ɗaya yana bukatar dawaki da yawa, kowane doki da dawarsa da harawarsa da kanwarsa da mai kula da shi. Talakan da ke biyan haraji da jangali iyakarsa kallo daga bakin fili.

Ana cikin haka aikin hukuma ya same shi. A 1929 aka ba shi shugabancin 'yan dokar En'e ta Katsina, yana da shekara 24. A shekarun nan Turawa suna ƙoƙarin gyara aikin dogarai ya zama na 'yan doka masu horo da kayan sarki, suka ga cewa aikin ba zai sami kwarjini ba sai an ɗora ɗan sarki a kansa. Irin wannan hanya ce Alhaji Ado Bayero ya bi daga baya a Kano. Nagogo ya ƙara yawan 'yan doka, ya yi musu gine-gine. A 1937 aka naɗa shi Magajin Gari, birnin Katsina ya koma hannunsa.

Ba shi kaɗai ne ɗan Dikko ba, kuma sarauta ba a cin ta da sandar folo. Duk da haka ba za a ce wasan bai taimaka ba. Turawan da ke da baki a zancen gadon sarauta sun san shi a kan doki shekara da shekaru, sun ga natsuwarsa da zafin namansa, yana kuma jin harshensu. Da Dikko ya rasu a farkon 1944 aka zaɓe shi, Gwamna Sir Arthur Richards ya ba shi sanda ran 19 ga watan Mayu na wannan shekara. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare ya tafi Indiya da Bama ya gai da sojojin Nijeriya da ke can. Ya zama minista maras ofis a 1952, ya sami lambar Sir a 1962.

Sarauta ba ta raba shi da wasan ba, ya zama shugaban ƙungiyar folo ta Nijeriya na tsawon rai. 'Ya'yansa suka ɗauka, musamman Muhammadu Kabir da Hassan Usman Katsina, wanda ya yi Gwamnan soja na Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967. Nagogo ya rasu ran 18 ga watan Maris, 1981, yana da shekara 76. Muhammadu Kabir, wanda shi ma ya riƙe sarautar Magajin Gari, ya gaje shi, ya yi sarauta har 2008.