Andrew Lawson: Mutumin Da Ya Bi Sawun Girgizar Ƙasa

An haifi Andrew Lawson ran 25 ga Yuli, 1861, a garin Anstruther na ƙasar Sikotilan. Tun yana yaro iyayensa suka ƙaura da shi Kanada, inda ya yi karatu a Jami'ar Toronto, ya kuma yi wa Gwamnati aikin binciken duwatsu. Cikin 1890 ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, can ya zama Shaihun Malami.

Cikin 1895, yana duba duwatsu kudu da birnin San Faransisko, ya lura da wani kwari miƙaƙƙe sambal. Ya gane wata doguwar tsaga ce a jikin ƙasa, watau inda duwatsun gefe biyu suka taɓa goce wa juna. Ya raɗa mata sunan wurin, San Andreas. Amma a sa'an nan ba wanda ya san iyakar tsawonta, balle irin haɗarin da ke tattare da ita.

Ran 18 ga Afrilu, 1906, da asuba, tsagar nan ta motsa. Girgizar ƙasa da gobarar da ta biyo baya suka cinye yawancin birnin, mutum wajen 3,000 suka hallaka. Nan da nan Gwamnan Jihar ya kafa kwamitin bincike, aka ba Lawson shugabanci. Masanan suka bi sawun tsagar, suna awo, suna zana taswira. Suka tarar ƙasa ta dare tsawon kilomita kamar 470, a wani wuri ma hanya ta rabu biyu, gefe ya goce wa gefe da kusan mita 6.

Rahotonsu na 1908 ya nuna gine-ginen da aka yi bisa ƙasa mai laushi ko ciko su suka fi shan ɓarna. Ya kuma nuna tsagar ta sha motsawa a dā, saboda haka za ta sake.

Lawson ya mutu ran 16 ga Yuni, 1952, yana da shekara 90. Cikin 1972 Jihar Kalifoniya ta kafa dokar hana gina mazaunin jama'a bisa tsagar da ta motsa cikin shekaru kamar 11,000 da suka wuce. Dokar nan da irin taswirar da Lawson ya soma zanawa ta dogara.