Tunawa da Mazan Jiya: Sardauna Ahmadu Bello da Buɗe Ƙofar Jami'a ga 'Ya'yan Karkara

Mu mutanen ƙasar Gobir muna da tsohon tarihi da gidan da wannan bawan Allah ya fito. Kakan mahaifinsa, Muhammadu Bello ɗan Shehu, shi ya jagoranci rundunar da ta ci Alkalawa a 1808, ga kufan birnin nan kusa da mu. Amma duk ɗan Gangara, ko Sabon Birni, ko Isa, da ke riƙe da takardar digiri a yau, in ya bi salsalar takardar da kyau, da wuya bai iske hannun Sardauna a ciki ba.

An haifi Alhaji Sir Ahmadu Bello a Rabah a 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne Sarkin Rabah, ya kuma rasu tun Ahmadu yana ƙarami. Bayan karatun allo da makarantar lardi ta Sakkwato, sai aka zaɓe shi zuwa Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1926. A lokacin ita ce ƙololuwar karatun boko a Arewa baki ɗaya, kuma 'yan ƙalilan take ɗauka daga kowane lardi, galibinsu 'ya'yan sarakuna da ma'aikatan En'e. Da ƙafa ɗaliban Sakkwato suke zuwa can, tafiyar kwanaki. Ya gama a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato shekara uku, aka naɗa shi hakimin Rabah a 1934, sannan ya zama Sardauna a 1938.

Wannan ƙuncin ƙofa da ya gani da idonsa shi ne, a ganinmu, mabuɗin fahimtar duk abin da ya yi daga baya. Lokacin da ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, jami'a ɗaya ce a Nijeriya, wato ta Ibadan wadda aka buɗe a 1948, kuma 'yan Arewa a cikinta ba su taka kara sun karya ba. Dalilin a fili yake: wanda bai yi sakandare ba ba ya zana jarrabawar shiga jami'a, sakandaren kuwa a Arewa ana ƙirga su da yatsu. Ga mulkin kai ya ƙarato, Turawa na shirin tafiya, kujerun likitoci da injiniyoyi da alƙalai za su zama wayam. Ko a sami 'yan ƙasa masu takarda, ko a miƙa su ga wasu.

Saboda haka gwamnatinsa ta kama aikin ta fuska da dama a lokaci guda. An ƙara makarantun sakandare na larduna da kwalejojin horon malamai, gwamnati na ɗaukar nauyin abinci da tufafi da littattafai, abin da ya sa ɗan manomi ya iya zama aji ɗaya da ɗan hakimi. An riƙa ba da sukolashif zuwa Ingila da sauran ƙasashe. Cibiyar koyon sha'anin mulki da ke Kongo a Zariya ta shiga horas da ma'aikata da malaman shari'a cikin gaggawa. A nan dole a ambaci Alhaji Isa Kaita, wanda ya riƙe ma'aikatar ilimi daga 1957 har 1966, domin yawancin wannan nauyi a kafaɗarsa ya sauka.

Babban aikin shi ne jami'a. Kwamitin Ashby, wanda aka kafa a 1959, ya ba da shawara a rahotonsa na 1960 cewa Arewa ta sami jami'arta. Ba a tsaya jiran sababbin gine-gine ba: aka haɗa reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, da cibiyar binciken noma ta Samaru, da cibiyar Kongo, da kwalejin nazarin Larabci da addinin Musulunci ta Kano, aka yi jami'a ɗaya. Ran 4 ga Oktoba, 1962, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe da ɗalibai 426, Norman Alexander, mutumin New Zealand, yana shugabanta, Sardauna kuma shi ne ubanta na farko. Kwalejin Kanon nan ita ce ta zama Jami'ar Bayero a 1977.

Ba za mu ɓoye inda aikin ya gaza ba. Jihar Yamma ta fara ilimin firamare kyauta ga kowa a 1955, ta Gabas a 1957, Arewa kuwa ba ta bi sahu ba, bisa hujjar ƙarancin malamai da kuɗi. 'Yan NEPU sun sha sukar gwamnatinsa da cewa talaka ne ake bari a baya, kuma a garuruwan bakin iyaka irin namu akwai gaskiya a zancen. Karatun 'ya'ya mata ya tafi a hankali ƙwarai. Lardin Sakkwato kansa, mahaifar Firimiya, sai a 1975 ya sami jami'a, wadda aka raɗa wa sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988.

Wannan giɓi har yanzu bai cike ba a wajenmu, sai ma hare-haren 'yan bindiga na shekarun nan suka ƙara buɗe shi, domin ƙauyuka da yawa a Sabon Birni da Isa sun watse, makarantunsu sun rufe. Yaron da aka kora daga aji huɗu na firamare ba zai taɓa cika takardar JAMB ba. Mu da ke zaune a Sakkwato da Kaduna da Abuja da Legas, da yawanmu kuɗin gwamnati ne ya yi mana karatu, kuma kuɗin rajistar jarrabawar yaro ɗaya bai fi ƙarfin mafi yawanmu ba.

Sardauna bai ga jami'arsa ta cika shekara huɗu ba. Sojoji masu juyin mulki sun kashe shi a gidansa na Kaduna, tare da matarsa Hafsatu, ran 15 ga Janairu, 1966. Harabar gidan ita ce Arewa House a yau, cibiyar binciken tarihi a ƙarƙashin jami'ar da ya kafa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, amin.